Wane littafi ne zai koya wa mawaƙin Hausa sarrafa muryarsa?

Wani matashi mazaunin Agege, wanda yake rera waƙoƙin bege a wuraren maulidi da walima kuma ya fara shiga situdiyo a 'yan shekarun nan, ya aiko mini da tambaya mai rassa uku. Yana so ya san littafin da zai saya ya koyi sarrafa murya, yana so ya ji ko littafi kaɗai zai wadatar da shi tunda ba shi da halin biyan malami kowane mako, sannan yana kukan cewa da zarar ya yi kamar awa ɗaya yana rerawa sai muryarsa ta dushe, wani lokaci har kwana biyu ba ta dawo daidai ba.

Ƙanena, zan fara da abin da ka riga ka sani, domin na tabbata ka zauna gaban malamin tajwidi. Ibnul Jazari ya tsara mafitar haruffa goma sha bakwai a cikin baitocinsa, kuma yaro mai kaifin hadda zai iya haddace su a 'yan makonni, amma ba ka taɓa jin an ce wani ya iya fitar da lādi ko aini daga hadda kaɗai ba. Sai ya karanta malam ya saurara, ya ce masa harshenka ya yi gaba da yawa, maimaita. Littafin ya ba shi sunayen wuraren da tsarinsu, kunnen malam kuma ya gaya masa ko ya isa wurin ko bai isa ba. Haka littattafan koyon rera waƙa suke, har ma lamarinsu ya fi tsanani, saboda mai tajwidi yana iya duba madubi ya ga leɓensa da harshensa, alhali abin da yake haifar da muryar kansa yana ɓoye cikin maƙogwaro inda ido ba ya kaiwa. Ƙari a kan haka, babu mutumin da yake jin muryarsa yadda jama'a suke jinta, domin wani ɓangare na sautin yana isa kunnensa ta ƙasusuwan kansa, shi ya sa kowa yake mamaki ranar da ya fara jin kansa a faifai. Saboda haka littafi zai amfane ka ƙwarai, amma shi kaɗai ba zai isa ba.

Mafi yawan littattafan da za ka ci karo da su sun samo asali ne daga makarantar Italiya ta mawaƙan opera. Tun a 1723 Pier Francesco Tosi ya wallafa nasihohinsa ga mawaƙa da malamansu a birnin Bolonya, kuma daga nan aka yi ta rubutu. Wanda ya fi kowa canza wannan fage shi ne Manuel Garsiya, ɗan asalin Sifaniya, wanda aka haifa a 1805 ya rasu a 1906 yana da shekara 101. Bai daɗe yana waƙa a dandali ba ya koma koyarwa, ya fitar da babban littafinsa kashi biyu a 1840 da 1847, sannan a 1854 ya sa ɗan madubin likitan haƙori a can cikin bakinsa, ya haska shi da hasken rana ta wani madubin, ya ga maƙogwaronsa yana aiki yana cikin fitar da sauti. Wannan dabara ita ce tushen yadda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suke duba murya har yau, sai dai yanzu da kyamara ake yi. Na kawo labarinsa ne saboda wani abu da ya shafe ka. A 1841 mawaƙiyar Suwidin Jenny Lind ta je wurinsa a Faris muryarta ta lalace saboda yawan aiki tun tana ƙarama, kuma abin da ya fara yi mata shi ne ya hana ta rera komai na tsawon makonni, bayan ta huta ya sake gina muryar daga tushe, ta zama ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan ƙarninta.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 sai littattafan suka karkata ga ilimin halittar jiki da na sauti. Akwai na William Vennard, wanda bugunsa da aka faɗaɗa ya fito a 1967, akwai The Structure of Singing na Richard Miller a 1986, akwai na Johan Sundberg a 1987 da na Ingo Titze a 1994. Na Sundberg da na Titze cike suke da lissafi da zane-zanen awon sauti, an rubuta su ne don masu bincike, kuma ban ga dalilin da zai sa ka kashe kuɗinka a kansu yanzu ba. Na Miller shi ne wanda malamai da yawa suke ɗauka tamkar uwa ma ba da mama, kuma ni ma na amfana da shi sosai, amma Turancinsa yana da nauyi, duk misalansa da rubutun kiɗa aka yi su, kuma muryar da yake ƙoƙarin ginawa ita ce ta mai tsayawa a babban zaure ya rinjayi ƙarar makaɗa sittin ko fiye ba tare da makirufo ba. Sundberg ne ya bayyana sirrin wannan murya, wato mawaƙin yana saukar da maƙogwaronsa ya faɗaɗa maƙoshinsa har wani amo ya taru a wajajen kaɗawa 3000 cikin daƙiƙa, inda kayan kiɗan ba su da ƙarfi sosai. Abin sha'awa ne, amma kai makirufo ne a hannunka, kuma idan ka rera bege da wannan murya mai kauri da duhu jama'ar da suka taru a Agege za su ji baƙon abu, kalmominka kuma su nutse.

Abin da za ka ɗauka daga irin waɗannan littattafai shi ne sanin jikinka, domin shi bai san Bature ko Bahaushe ba. A bayan zakaran wuyanka akwai wasu 'yan tsokoki biyu masu kama da leɓe, lulluɓe da tantani mai laushi da damshi, tsawonsu a jikin namiji baligi bai fi santimita biyu zuwa biyu da rabi ba. Idan iska ta taso daga huhu ta tarar da su a haɗe sai ta riƙa buɗe su suna komawa, kuma wannan buɗewa da rufewa ita ce murya. A maganar namiji suna haɗuwa sau ɗari da 'yan kai cikin daƙiƙa, a ta mace kusan ninki biyu, kuma duk yadda ka ɗaga murya sama haka adadin yake ƙaruwa. Ka lissafa da kanka: idan kana rerawa a wajajen kaɗawa 200 cikin daƙiƙa, awa ɗaya cur ta zama haɗuwa 720,000. Ko an cire lokacin numfashi da na amshi, abin da ya rage dubban ɗaruruwa ne, kuma idan kowace haɗuwa da ƙarfin tsiya aka yi ta, dole tantanin ya kumbura. Kumburin nan shi ne dushewar da kake ji.

A batun numfashi ne na fi ganin littafi ya ɓatar da mai karanta shi shi kaɗai. Kusan kowane littafi zai ce ka rera daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Gaskiyar magana ita ce wannan tsoka tana aiki ne lokacin shaƙar iska, tana sauka ƙasa huhu ya cika, kuma mutum ba ya jinta kai tsaye balle ya sarrafa ta yadda yake sarrafa yatsansa. Abin da Italiyawa suke nufi, wanda Miller ya yi dogon bayani a kansa, shi ne ka bar haƙarƙarinka a buɗe bayan ka shaƙi iska, kada ƙirji ya rufta da zarar ka fara baiti, domin iskar ta fita sannu a hankali daidai da buƙatar sautin. Na taɓa karɓar wani ɗalibi mai sayar da tumatir a Mile 12, mai murya mai daɗi ƙwarai, wanda ya karanta wannan jumla a wani ɗan littafi ya fahimce ta a matsayin ya ƙanƙame cikinsa ya yi ta yunƙuri. Ya yi wata da watanni a haka, har jijiyoyin wuyansa suna tashi idan yana rerawa, kuma sai da muka shafe kusan rabin shekara kafin ya saki abin da ya koya wa kansa. Da akwai wanda ya kalle shi minti biyar a makon farko, da bai sha wannan wahala ba.

Akwai kuma wurin da littattafan nan ba su da abin da za su ce maka, wato harshenka. Hausa tana da karin sauti, kuma tana bambanta dogon wasali da gajere. Wuya na jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su, haka kuma gari na mutane da garin tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. Malamin da ya taso a kan waƙar Italiya zai ce ka ja kowane wasali gwargwadon tsawon sautin da aka rubuta, ka kuma bi karin waƙar duk inda ya nufa, domin a harshensa yin haka ba ya taɓa ma'ana. Kai kuwa idan ka ja gajeren wasali ka karya awon baitin, wanda a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi aka gina shi, kuma idan karin waƙarka ya yi ta saɓa wa karin maganar sai mai sauraro ya ji kamar baƙo ne yake rerawa. Sannan ga ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, waɗanda duk da taimakon maƙogwaro ake furta su, ga kuma hamzar da take gaban duk kalmar da muke rubutawa da wasali a farko. Littattafan Turai suna gargaɗi a kan fara sauti da datse maƙogwaro, suna son murya ta zuba ba yankewa, alhali Hausa ba ta furtuwa sai da waɗannan 'yan datse-datse. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su yi su da sauƙi da sauri, kamar yadda suke fita a hira, kada su ƙara musu ƙarfi don suna waƙa, amma kuma kada su shafe su har ƙ ta koma k.

Makwabtanmu sun riga mu yin wannan tunani a rubuce. A nan Legas, T.K.E. Phillips, wanda ya daɗe yana jagorantar kiɗa a babbar majami'ar da ke Marina, ya fitar da littafi a 1953 a kan yadda karin maganar Yarabanci yake haɗuwa da karin waƙa, kuma Farfesa Laz Ekwueme na Jami'ar Legas ya yi irin wannan nazari a kan waƙoƙin Ibo. Mu ma muna da rubuce-rubuce masu daraja a kan waƙarmu. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗa da waƙar Hausa a 1971, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka da wasu da dama. Ina ba ka shawara ka nemi na Gusau ka karanta, domin zai buɗe maka ido a kan gindin waƙa da ɗiyanta da yadda jagora da 'yan amshi suke karɓeɓeniya. Sai dai waɗannan ayyuka a kan waƙar suke magana, wato turkenta da salonta da matsayin mawaƙi a cikin al'umma, ba a rubuta su don koya wa mutum yadda zai ja numfashi ko ya haye sautin sama ba. Wannan ilimi a wurinmu baki da baki ya taho, yaro ya shekara goma yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya fara jagora, kuma abin yana damuna cewa tsofaffin da suka san shi suna ƙarewa ba mu zauna mun rubuta daga bakinsu ba.

Idan kuwa dole sai na ambaci littafi ɗaya da za ka saya, to The Diagnosis and Correction of Vocal Faults na James McKinney zan ce, wanda ya fara fitowa a 1982. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma tsarinsa irin na likita ne, ya faɗi abin da ake ji ko ake gani, ya faɗi abin da yake jawo shi, ya faɗi yadda ake gyarawa, tun daga tsayuwa da numfashi har zuwa furuci. Yana raba yawancin kurakurai gida biyu, ko dai tsoka tana aiki fiye da kima ko kuma ba ta yin wanda ya isa, kuma daga bayaninka na fi zaton kana gida na farko. Littattafan waje sun yi tsada saboda canjin dala, don haka ka fara leƙa masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba kafin ka yi oda. Na Garsiya da darussa goma sha biyar na Nicola Vaccai da atisayen Concone duk sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana samunsu kyauta a rumbun IMSLP a intanet. Na Vaccai yana da wata hikima da za ka iya ara ko da ba ka jin Italiyanci, wato ya ƙi ya bar ɗalibi yana ta rera wasali zalla, kowane darasi ɗan gajeren waƙa ne mai kalmomi, na farko yana hawa mataki-mataki, na gaba yana tsallake ɗaya, a haka har tazarar ta yi faɗi. Ka ɗauki baiti ɗaya daga Ishiriniya ko daga waƙarka ka yi masa irin wannan horo. Su kuma littattafan da aka yi don mawaƙan zamani masu makirufo, irin na Seth Riggs wanda ya horar da Michael Jackson da Stevie Wonder, sun fi kusa da irin muryar da kake buƙata tunda daga muryar magana suke farawa, kuma suna zuwa da sautin atisaye da za ka bi ko ba ka iya karatun do re mi ba.

Daga binciken Titze akwai abu guda da za ka fara yau ba tare da ka sayi komai ba. Ka sami siririn bututun shan lemo ka sa a bakinka, ka fitar da sauti ta cikinsa a hankali, kana hawa kana sauka kamar jiniya, minti biyu ko uku, sau da yawa a yini. Ƙuntata mafitar iskar yana sa wani ɗan matsi ya koma baya ya tallafi leɓɓan muryar, sai su kaɗa ba tare da sun bugi juna da ƙarfi ba. Kaɗa leɓe kamar yaro mai kwaikwayon babur da yin guna baki a rufe duk aiki ɗaya suke yi. Ka yi wannan kafin ka hau mumbari, ka kuma maimaita bayan ka sauko.

Dushewar da kake fama da ita tana da dalilai da littafi ba zai gani ba amma ni ina hasashensu, domin na halarci irin tarukan da kake zuwa. Sau da yawa mai fiyano ne yake zaɓar inda za a ɗauki waƙa, kuma yakan ɗauke ta sama don ta yi armashi, kai kuma kunya ta hana ka cewa a sauko. Ka ce a sauko, domin sauko da mataki ɗaya ko biyu yana iya zama bambancin kwana lafiya da kwana biyu ba murya. Sannan lasifikokin duk jama'a suke fuskanta, janareta yana ruri a bayanka, ba ka jin kanka, sai ka yi ta ƙara ƙarfi ba ka sani ba, don haka ka roƙi a juyo maka da ƙaramar lasifika ɗaya. Ka kuma lura da hikimar magabata a kan 'yan amshi, domin duk lokacin da suka karɓa jagora yana samun hutu ya haɗiye yawu ya sabunta numfashi, kuma da wannan ne irin su Shata da Ɗanƙwairo suke iya raba dare suna waƙa. Mawaƙin yau da yake bin kiɗan da aka naɗa, yana yin jagora yana yin amshi shi kaɗai, ya hana kansa wannan hutu. A watan maulidi da ake gayyatarka dare bayan dare, ka rage surutu da rana, musamman magana cikin hayaniyar kasuwa ko a danfo, kuma kada ka koma raɗa, domin raɗa mai ƙarfi ita ma tana gajiyar da maƙogwaro.

Zuma da citta da kanumfari da ake ba mawaƙa suna sanyaya maƙoshi, ban hana ka su ba, amma ka sani duk abin da ka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa leɓɓan murya, da ya taɓa su kuwa da ka ƙware kana ta tari. Ruwan da ka sha sai ya bi jiki na wasu awanni kafin amfaninsa ya iso gare su, saboda haka tun da rana ake shansa, abin da yake isa kai tsaye shi ne tururin ruwan zafi da ka shaƙa. Alewa mai sanyin minti tana rufe zafin ne kawai har ka ci gaba da yi wa kanka rauni. Cin tuwo da yaji da tsakar dare bayan an tashi daga taro sannan a kwanta nan take yana sa ruwan ciki mai tsami ya taso ya ƙone maƙogwaro, kuma wannan yana cikin dalilan da suke sa mutum ya tashi da safe murya a shaƙe yana ta gyaran murya. Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙwayoyin rage kumburi da wasu mawaƙa suke saya a kemis ba da izinin likita ba don murya ta buɗe kafin taro, ina roƙonka kada ka kusance su.

Idan dushewar ta kai mako uku ko huɗu ba ta tafi ba, ko ka ji zafi lokacin rerawa, ko sautukan sama da ka saba kaiwa suka ɓace, to ka ajiye littafi ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai shi a asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja, ka ce kai mawaƙi ne kana so a duba leɓɓan muryarka da kyamara. 'Yan ƙulluttukan da suke fitowa a kansu saboda yawan bugun juna galibi suna bajewa da hutu da gyaran yadda ake amfani da murya idan an gano su da wuri.

Batun malami kuma bai kai tsadar da kake tsammani ba, domin ba lallai sai kowane mako ba. Zama ɗaya a wata tare da mai kunne ya fi shekara guda kana lalube kai kaɗai. Cibiyar MUSON da ke Onikan, wadda ƙungiyar da ta kafa ta ta faro a 1983, tana da makarantar kiɗa da malaman murya, kuma garin nan cike yake da masu horar da mawaƙan coci waɗanda suka san aikinsu, wasunsu ma 'yan Arewa ne masu jin Hausa. Duk wanda ka je wurinsa, ka kunna masa mawaƙin begen da kake sha'awar muryarsa, ka gaya masa wannan sautin kake so ka fitar ba tare da ciwo ba, ka kuma nuna masa bambancin wuya da wuya don ya san iyakar da ba zai taɓa ba. Tsakanin zama da zama wayarka za ta tsaya maka: ka ajiye ta nesa da kai kamar taku uku, ka ɗauki hoton bidiyon kanka kana rera baiti ɗaya a farkon taro da kuma ƙarshensa, ka duba ko haɓarka tana ɗagawa sama, ko kafaɗunka suna tashi lokacin shaƙar iska, ko jijiyar wuya tana fitowa, sannan ka tafi wa malamin da bidiyon biyu a zama na gaba.